Wa Za A Fara Taimaka Wa A Gidan Kaso?

Karatu: Farawa 39:20 zuwa 40:23, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Yau muna so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da ke hana barci ga duk wanda aka ɗora wa nauyin tafiyar da aikin taimakon 'yan kaso, ko shi ma'aikacin jin daɗin jama'a ne na gwamnati, ko shugaban wata ƙungiya, ko kuwa dattijon da ikkilisiya ta naɗa ya riƙe wannan hidima. Tambayar ita ce: idan abin da ke hannunka bai isa kowa ba, wa za ka fara ba?

Bari mu ɗauki misali. A ce ga gidan kaso mai mutum 400. An danƙa maka tabarma 60, da kwalin sabulu 3, da kuɗin magani na wata guda, da keken ɗinki 5 wanda mutum 15 kaɗai za su iya koyon sana'a a kai. Ga wani saurayi mai ladabi, ba ya fashin sujada, kowa na yabonsa. Ga wani tsoho mai tari, wanda aka ɗaure saboda ya kashe mutum, ba ya kuma gaishe ka in ka shigo. Ga yaron da ya saci wayar hannu, wannan ne shigarsa ta uku. Ga wata mace da jariri a baya. Ga kuma wani baƙauye da ya shekara biyu a ciki, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Dukansu suna kallonka. Duk sunan da ka rubuta a takarda, ka tsallake sunan wani ke nan.

Amsar da zuciya take fara bayarwa

Yawancinmu za mu ce a fara da wanda ya cancanta, wato wanda ya nuna nadama, mai jin magana, wanda laifinsa ƙarami ne. Kada mu raina wannan amsa, gama akwai hankali a cikinta. Kayan ba naka ba ne, amana ce. Wata gwauruwa ce ta sa dalarta cikin baiko, wani manomi ne ya kawo tiyar geronsa. Ashe, bai kamata a shuka irin a ƙasar da za ta ba da amfani ba?

Har ma wanda ake kira uban aikin sa ido a kan masu laifi a waje da kurkuku, haka ya yi. Sunansa John Augustus, wani mai ɗinkin takalma ne a birnin Boston na ƙasar Amurka. A shekara ta 1841 ya shiga kotu ya ga za a ɗaure wani mutum saboda shaye-shaye. Ya roƙi alƙali a ba shi mutumin, ya tsaya masa, ya tafi da shi. Bayan mako uku mutumin ya komo gaban alƙali a natse, aka ci shi 'yar tara kaɗan aka sallame shi. Daga nan zuwa 1858 Augustus ya tsaya wa mutane kusan 2,000, maza da mata. A 1878 jihar Massachusetts ta mai da wannan aiki ya zama doka. Amma Augustus ba kowa yake ɗauka ba. Yakan duba shekarun mutum, da halinsa na dā, da irin mutanen da zai koma cikinsu, sa'an nan ya zaɓi wanda yake ganin zai gyaru.

To, in haka ne, me ya hana mu bi wannan hanya a kowane abu? Akwai dalilai uku.

Na fari: ba mu san wanda ya cancanta ba

Mun saba cewa duk wanda yake bayan ƙofar kaso mai laifi ne. Wannan ba gaskiya ba ne. A shekara ta 1773 aka naɗa wani mutum mai suna John Howard ya zama babban jami'in shari'a na gundumar Bedford a Ingila. Da ya shiga kurkukun garin, ya tarar da mutanen da kotu ta riga ta wanke, amma an mai da su ciki. Dalili kuwa, masu tsaron kurkuku ba su da albashi, da kuɗin da suke karɓa daga 'yan kurkuku suke rayuwa, wanda bai biya ba kuwa ba ya fita. Howard ya bi kurkuku bayan kurkuku yana rubuta abin da ya gani, har majalisar ƙasar ta soke wannan kuɗin sallama a 1774.

Wannan ciwo bai mutu tare da zamanin Howard ba, ya dai sāke kama. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, babban kashi na waɗanda ke gidan kaso jiran shari'a suke yi. A Najeriya, lissafin hukumar gidajen gyaran hali na shekarun 2023 da 2024 ya nuna kimanin mutum 2 cikin kowane 3 ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Wani takardunsa sun ɓace tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu. Wani an ba da belinsa amma ba shi da mai tsaya masa. Wani ya riga ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Idan ka ce za ka auna mutane da nadamarsu, yaya za ka auna wanda ba shi da abin nadama? Sau da yawa shi ne mai fushin nan da ba ya gaishe ka, domin ya san an zalunce shi. Gwanin ɓarawo kuwa ya iya durƙuso da hawaye.

Na biyu: mai rarraba kaya ba alƙali ba ne

Wanda aka yanke wa hukunci, an riga an yanke. Alƙali ya ce shekara biyar, bai ce shekara biyar da yunwa da ƙazuwa da tarin fuka ba. Hukuncin shi ne raba mutum da 'yancinsa da iyalinsa, wannan kuwa ya isa ciwo. Idan ka hana tsohon nan magani domin laifinsa ya ba ka ƙyama, ka ƙara masa hukuncin da babu kotun da ta yanke, ka kuwa yi shi ba lauya, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara.

Ko dokokin duniya sun gane wannan. A watan Disamba na 2015, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idodi 122 na yadda za a riƙe 'yan kurkuku, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa ya yi shekara 27 a ɗaure. Cikinsu an nuna cewa bai kamata tsarin kurkuku ya ƙara wa mutum wahala a kan wahalar rasa 'yanci ba, cewa ɗan kurkuku yana da hakkin samun magani daidai da na waje, cewa ba a nuna bambanci saboda addini ko kabila ko harshe, kuma cewa a fi kula da waɗanda suka fi rauni. Idan gwamnatoci sun sa hannu a kan wannan, ai mu da muke cewa jinƙai ne ya kai mu can bai kamata mu gaza su ba.

Ka duba Matiyu sura 25, inda Ubangiji ya lissafa ziyarar ɗan kurkuku tare da ciyar da mai yunwa da duba marar lafiya. Bai tsaya ya bayyana ko ɗan kurkukun mai laifi ne ko marar laifi ba. Bai kuma ce a fara tambayar mai yunwa abin da ya jawo masa yunwar ba.

Na uku: taimakon da ya zama lada yana haifar da munafunci

Ɗan kaso ba shi da ikon ƙi. Kai za ka fita da yamma, shi zai kwana a ciki. Idan ya lura cewa sabulu yana bin waɗanda suka zauna a layin gaba lokacin wa'azi, zai zauna a layin gaba. Idan ya ga keken ɗinki yana zuwa ga wanda ya ba da shaida mai sa kuka, shi ma zai nemo shaida mai sa kuka. Kada ka zarge shi, kai ne ka buɗe kasuwar, shi ya zo ciniki ne kawai. Sai ka koma gida da murna kana ƙirga tubabbu, alhali abin da ka koya musu shi ne yadda ake sayar da baki domin cika ciki.

Wannan magana ta fi shafar mu masu bi. A gidajen kaso na ƙasashenmu, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya ɗaki ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke ci. Ƙa'idodin nan da muka ambata sun ba ɗan kurkuku hakkin ganin shugaban addininsa, sun kuma ba shi hakkin ƙin ziyarar kowane shugaban addini, a kuma girmama ƙin nasa. Wa'azi yana da lokacinsa ga wanda ya zo da son ransa. Rabon magani da tabarma kuwa kada ya taɓa ratayuwa a wuyan wa'azi. Bangaskiyar da aka saya da sabulu, tana ƙarewa ranar da sabulun ya ƙare.

Taimako iri biyu ne

A nan ne mai tafiyar da aiki yake bukatar ya rarrabe. Akwai taimakon da ya shafi rai da mutunci: abinci, magani, wurin kwanciya, sabulu, saƙo zuwa ga iyali, da ganin cewa shari'ar mutum ta motsa. Ma'aunin wannan ɗaya ne tak, wato bukata. Wanda ya fi kusa da mutuwa shi ne na fari, ko mene ne ya yi. A cikin misalinmu, tsohon nan mai tari da macen nan mai jariri su ne a kan gaba, saurayin mai ladabi kuwa, in yana da lafiya kuma 'yan'uwansa suna kawo masa abinci, sai ya jira.

Akwai kuma taimakon gyaran hali: koyon sana'a, karatu, shawara a kan shaye-shaye da fushi, da rakiya bayan an fita. A nan dole a yi zaɓe, gama keke biyar ba zai ɗauki mutum 400 ba. Hankali yana cewa a ba masu sauƙin kai. Amma abin da masu bincike suka gano ya saɓa wa wannan.

A 1974 wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Martinson ya fitar da rubutu bayan an duba bincike 231 a kan shirye-shiryen gyaran masu laifi. Abin da mutane suka ɗauka daga rubutun shi ne, babu abin da ke aiki. Masu neman dalilin yanke kuɗin irin wannan aiki suka sami abin riƙewa. Shi kansa Martinson ya sassauta maganarsa a 1979, amma magana zarar bunu ce. Daga baya waɗansu masana a ƙasar Kanada, musamman Don Andrews da James Bonta, suka sake duba lamarin, kuma a 1990 suka fito da bayanin da yawancin masu wannan aiki suke bi har yanzu. Sun nuna cewa shirin gyara yana aiki idan an kai shi inda ya dace. Taimako mai nauyi ya fi amfani ga waɗanda suka fi haɗarin komawa laifi. Wanda da ma ba zai koma ba, in aka cusa shi cikin shiri mai nauyi tare da gwanayen laifi, ana iya ɓata shi. Sun kuma nuna cewa a nufi ainihin abin da ke jan mutum zuwa laifin, kamar mugayen abokai, da shaye-shaye, da zaman banza, da tunanin da ke halatta masa cutar mutane, a kuma koyar da shi ta hanyar da zai iya ganewa.

Ka ga ke nan, yaron nan mai shiga ta uku, wanda kowa ya gaji da shi, mai yiwuwa shi ne ya fi cancantar kujera a gaban keken ɗinki. Idan ya gyaru, wayoyi nawa ne za su tsira a kasuwa? Ubangiji ma ya kwatanta kansa da likita, likita kuwa wurin marasa lafiya aikinsa yake.

Jarabar rahoto

Me ya sa masu tafiyar da aiki suke guje wa irin wannan yaro? Domin ƙarshen shekara za a rubuta rahoto. Masu ba da kuɗi suna so su ji cewa cikin mutum 15 da aka koya wa ɗinki, 14 ba su koma kaso ba. Hanya mafi sauƙi ta samun wannan lamba ita ce a zaɓi 15 ɗin da da ma ba za su koma ba. Ba wanda ya yi ƙarya, lambar gaskiya ce, amma aikin bai sāke kome ba. Kamar likitan da yake karɓar masu mura kaɗai ne, yana alfahari cewa ba a taɓa mutuwa a hannunsa ba.

An taɓa gwada toshe wannan ƙofa a kurkukun Peterborough a Ingila. A 2010 aka fara wani shiri na raka mazan da aka ɗaure ƙasa da wata 12 bayan sun fita, a nema musu wurin kwana da aiki da maganin shaye-shaye. Aka yi sharaɗi cewa wajen auna nasara za a ƙirga dukan irin waɗannan mutane da aka saki daga kurkukun, da wanda ya karɓi taimakon da wanda ya ƙi. Saboda haka ma'aikatan ba su da riba in sun zaɓi masu sauƙi, tilas suka bi masu taurin kai. Sakamakon da aka bayyana a 2017 ya nuna komawa laifi ta ragu da kashi 9 cikin 100. Wani zai ce tara kaɗai? I, tara, amma tara ta gaskiya. Ɗan'uwa, in kana riƙe da irin wannan aiki, gara ka kai wa masu ba da kuɗi ƙaramar lamba mai gaskiya, ka kuma bayyana musu dalilin ƙanƙantarta. Mudun awo na zamba abin ƙyama ne ga Allah, ko a kasuwar hatsi ko a takardar rahoto.

Yusufu a kurkukun Masar

Karatunmu na yau ya nuna mana mutumin da ya riƙe irin wannan aiki. An jefa Yusufu a kurkuku a kan ƙazafi, sai shugaban kurkukun ya danƙa masa kula da sauran 'yan kurkuku. Aka kawo manyan barorin Fir'auna biyu, mai shayarwa da mai tuya, aka sa Yusufu ya yi musu hidima. Wata safiya ya shigo ya lura fuskokinsu a ɓace, ya tambaye su abin da ke damunsu. Ka lura da wannan. Mutumin da yake da nasa baƙin ciki, ga nauyin gida duka a kansa, amma yana duban fuskokin mutane ɗaya ɗaya.

Ɗayansu zai koma fāda cikin kwana uku, zai iya yi wa Yusufu amfani. Ɗayan kuwa za a rataye shi, ba abin da zai iya sāka masa da shi. Yusufu ya saurari dukansu biyu, ya kuma faɗa wa kowa gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ya fita kuwa ya manta da shi har shekara biyu cur. Duk mai wannan hidima zai ɗanɗana irin wannan. Wanda ka sha wahala a kansa zai gan ka a kasuwa ya kau da kai, domin fuskarka tana tuna masa da wurin da yake so ya manta. Idan godiya ce take tafiyar da rabonka, ba da daɗewa ba za ka fara zaɓen masu iya godiya.

To, wanda aka cuta fa?

Akwai wata murya da ba ta cikin gidan kaso, amma dole a ji ta. Ita ce muryar matar da aka sace wa awakin da take ciyar da marayunta da su. Za ta ce: ɓarawon yana koyon ɗinki kyauta, ni kuwa ba wanda ya leƙo ni. Maganarta gaskiya ce, kuma duk aikin taimakon 'yan kaso da bai da amsa gare ta gurgu ne.

Hana ɓarawon magani ba zai komo mata da akuya ko ɗaya ba. Abin da zai amfane ta shi ne a sa hakkinta cikin tsarin aikin tun daga farko. Da Zakka mai karɓar haraji ya tuba, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Da Bulus ya roƙi Filimon saboda Unisimas, bai ce a share bashin ba, ya ce a ɗora shi a kansa. Saboda haka, in yaro ya fara samun kuɗi daga ɗinki, a ware wani kashi domin biyan wanda ya cuta. In zai yiwu a yi sulhu kafin ranar sakinsa, a nemi dattawan unguwa da shugabannin addini su shiga tsakani, gama wanda ya fita ya tarar da ƙofar gida a rufe, ƙofar tsofaffin abokansa a buɗe take. Amma kada a tilasta wa wanda aka cuta ya zauna da wanda ya cuce shi, kada kuma a ɗora masa laifi in bai shirya gafartawa ba. Ba shi ne ya jawo wannan ciwo ba.

Mai riƙon amana ya ɗaure kansa

Wanda yake raba kaya ga mutanen da ba za su iya kai ƙara ba, yana riƙe da iko mai haɗari. Kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta isa ta tsare shi ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikkilisiyar farko tana cike da ƙauna, duk da haka aka riƙa tsallake gwaurayen da ke jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu gunaguni su yi shiru ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, aka kafa tsari, sunayen bakwai ɗin nan kuwa duka na Helenanci ne. Ga abin da wannan yake koya wa mai tafiyar da aiki a gidan kaso.

Ka rubuta ƙa'idar rabo kafin kayan su iso, ka karanta ta a gaban 'yan kaso da harshen da suke ji, domin wanda aka tsallake ya san dalili. Kada ka miƙa kaya ga shugabannin ɗakuna ka juya baya, gama a kowane gidan kaso akwai masu ƙarfi da raunana, abin da ya bi ta hannun mai ƙarfi kuwa ba safai yake isa lungu ba. Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafin lissafi, ko da kai ne. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima, ya tafi tare da mutanen da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi.

Ka ba 'yan kaso baki a cikin aikin. A 1817, da Elizabeth Fry da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar taimakon matan kurkukun Newgate a Landan, sun karanta wa matan dokokin shirin, matan suka amince da su da kansu, aka kuma ɗauki masu lura da aiki daga cikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka kiyaye asirin da aka faɗa maka, amma ka gaya wa mutum tun kafin ya buɗe baki cewa in maganarsa ta shafi ran wani ko shirin gudu, ba za ka ɓoye ba. Kada ka yi alkawarin fitar da kowa. Ka girmama ganduroba, gama shi ma yana aiki cikin zafi da ƙaramin albashi, kuma makulli a hannunsa yake. Amma kada girmamawar ta kai ka ga rufe ido in ka ga zalunci.

Taimakon da ba ya cin kuɗi da yawa

Mun bar baƙauyen nan da ya shekara biyu ba shari'a. Shi ba tabarma yake bukata ba, ƙofa yake bukata. A ƙasar Malawi, a shekara ta 2000, aka fara wani aiki inda aka horar da mutanen da ba lauyoyi ba, suna shiga kurkuku a kai a kai, suna koya wa masu jiran shari'a yadda ake neman beli, suna rubuta sunayen waɗanda aka manta da su, suna kai wa masu gabatar da ƙara da alƙalai. A ƙasar Gana kuma, daga 2007, aka fara shirin da alƙalai suke zuwa su zauna cikin kurkuku, irin na Nsawam, su saurari waɗanda suka daɗe suna jira. A ƙasashen biyu, kason masu jiran shari'a ya ragu ƙwarai.

Mutum ɗaya mai littafi da alƙalami da haƙurin zirga-zirga tsakanin kaso da kotu yana iya yin abin da buhunan shinkafa ba su yi ba. Duk wanda aka saki bisa doka, ya bar wa na ciki wurin kwanciya da rabon abincinsa. Mai tafiyar da aiki mai hikima zai ware mutum ɗaya domin wannan, ko da rabon kaya ne yake kawo hotuna masu kyau.

Abin tunani

Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka rubuta sunaye a takardar rabo, ka tambayi kanka: wannan mutum na sa shi gaba domin ya fi bukata ne, ko domin ya fi daɗin sha'ani? Wancan na bar shi domin ƙa'ida ce ta bar shi, ko domin ba na son ganin fuskarsa? Idan aka karanta takardar nan a gaban dukan 'yan kaso, zan iya ɗaga kai? Kai kuma da ba ka shiga gidan kaso amma kana ba da gudummawa, in an kawo rahoto, ka tambayi yadda aka zaɓi mutanen, ka kuma tambayi labarin waɗanda ba a zaɓa ba.

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka san abin da ke zuciyar kowane ɗan kurkuku da kowane mai ziyara, ka ba waɗanda suke riƙe da wannan hidima idon da ke ganin mai rauni a lungu, da hannun da ba ya son kai. Ka tsare su daga son yabo da mudun zamba. Ka tuna da waɗanda aka manta da shari'arsu, ka ta'azantar da waɗanda aka cuta, ka ba alƙalai da masu tsaro tsoronka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.